Kyamara Ma Baƙuwa Ce, Sai Ta Yi Sallama

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a bakin titin Buokrom, nan Kumasi, ta bugo waya a cikin shirin safe da ɗaya daga cikinmu ke gabatarwa a gidan rediyon unguwa. Ba gaisuwar da ta saba ce ta kawo ta ba. Ta ce ɗan ƙanenta da ke zaune a Jamus ne ya turo mata wani hoto ta WhatsApp, ya biyo shi da tambaya: "Gwaggo, lafiya kuwa? Me ya same ki?" Da ta duba sai ta ga ita ce. Gyangyaɗi ya sace ta a gindin tukunya, mayafi ya zame, ga jikanta zaune a ƙasa ba riga, a ƙarƙashin hoton kuma an yi dogon rubutu da Turanci a kan talauci da yunwa a Afirka. Ba ta san wanda ya ɗauka ba, ba ta san ranar da aka ɗauka ba. Matar nan kuwa da wannan tukunyar ta aurar da 'ya'ya uku, da ita ta sauke farali. Abin da ta tambaya shi ne, "Malam, wa zan kai ƙara?" Aka yi ta kame-kame, domin gaskiyar magana babu wanda ke da amsar da za ta share mata hawaye.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a fito a yi magana a kan wannan al'amari, musamman da 'yan kasuwarmu da ke wuni a fili, tun daga Kejetia zuwa Aflao da Paga da Bawku, har can Illela da Jibiya da Maigatari. Mai kanti yana da ƙofar da zai rufe idan ya so. Mai kasa kaya a tabarma kuwa fuskarsa a kasuwa take tun hantsi har magariba, duk mai waya a aljihu yana iya ɗauka ya tafi da ita inda mai ita bai taɓa zuwa ba.

Tun daga 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyato baƙar fatar Amurka da na sauran ƙasashe su zo ganin tushensu, baƙi masu rataye da kyamara suka ƙaru a ƙasar nan. A 2024 kuma aka buɗe sabon ginin filin jirgin saman Kumasi, wanda ke maƙwabtaka da Buokrom, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya. Baƙon da ya sauka yakan je fadar Manhyia, ya zaga Kejetia, daga nan sai ɗan rakiya ya ce masa bari a kai ka Zango ka ga abin kallo.

Ba ma ƙin baƙo. Ina za mu ƙi baƙo alhali sunan unguwar tamu ma Zango, wato masaukin matafiya? Sai dai Zango yana da ƙa'idar da baƙo ke shiga da ita tun zamanin fataken Gwanja. Falken da ya taso daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi, ko wanda ya koro shanu daga arewa don ya koma da goro, ba ya kwance kaya sai ya sami maigida. Maigidan nan shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashinsa, shi ne kuma za a tuhuma idan baƙon ya yi ɓarna. Har wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a kan wannan tsari na kasuwar shanun Kumasi a 1966. A yau kyamara ce kaɗai baƙuwar da ke shiga Zango ba sallama, ba maigida, ta ɗebi abin da take so ta yi gaba.

Da ba haka hoto yake a wurinmu ba. Waɗanda suka manyanta za su tuna mai hoto na ranar Sallah, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake cusa kai a ciki. Kai ne za ka je wurinsa ko ka aika a kira shi. Ka yi wanka, ka sa babbar riga, ka karya hula, uwargida ta kashe ɗauri ta zuba gwal, a gyara wa yara zama. Ka biya kuɗinka, a wanke a kawo maka, idan bai yi maka ba ka ce a sake. Hoton naka ne, a bangon ɗakinka zai zauna ko a ƙasan akwati.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da duniya ke ji da su a yau duk a wannan makaranta suka tashi. James Barnor, wanda ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki tun farkonta a 1950, ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown ta Ankara, babban birnin ƙasar nan, a 1953. A wannan unguwa Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Ghana, ta buɗe nata. A Bamako akwai Seydou Keita da ya fara a 1948, sai Malick Sidibe, wanda matasa ke gayyata wuraren bukinsu da dare, washegari ya baza ƙananan hotunan a shago kowa ya zo ya zaɓi nasa ya biya. Shi Sidibe a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya. Abin da ya sa hotunan mutanen nan ke da rai har gobe shi ne waɗanda ke ciki sun san ana ɗaukarsu, sun yarda, suna duban mai hoto irin duban da ake yi wa ɗan unguwa. Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, a 1991 da aka baje hotunan Keita a birnin New York, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali mutumin yana nan da ransa a Bamako. To idan mai hoton ma haka aka yi masa, ina ga waɗanda ke cikin hoton?

Salon da ake kira hoton kan titi daga Turai da Amurka ya zo, kuma yana da kyau mai karatu ya san dabarunsa don ya gane su idan ya gani. Uban tafiyar shi ne wani Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson, wanda ya rasu a 2004. Shi yakan riƙe 'yar ƙaramar kyamara ce ƙirar Leica, har ya liƙe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin tef don kada a ankara da shi, ya tsaya a kwana yana jiran daidai ƙiftawar da tafiyar mutum da inuwa da gini za su haɗu su ba da ma'ana. Aikinsa kamar na maharbi ne, haƙuri da saurin hannu. Almajiransa suka ƙara da nasu. Akwai masu barin kyamarar a rataye daidai cibiya suna dannawa ba tare da sun kai ta ido ba, kai ka ce wucewa kawai suke yi. Akwai masu dogon baki irin na masu ɗaukar wasan ƙwallo, waɗanda daga saman bene ko daga cikin mota za su jawo fuskarka har a ga tsagar kumatunka. Akwai kuma irin su Bruce Gilden na New York, wanda ke zuwa gab da fuskar mutum ya haska masa walƙiya ya wuce, firgicin da mutumin ya yi shi ne abin da yake nema. Yanzu ma har tabarau ake sayarwa mai kyamara a jikinsa, mutum na gaisawa da kai yana naɗar ka.

Wata shari'a da aka yi a Amurka ta isa ta nuna inda wannan salo ke kaiwa. Tsakanin 1999 da 2001 wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya ɓoye fitilu a dandalin Times Square, yana tsaye daga nesa yana ɗaukar masu wucewa. Cikin waɗanda ya ɗauka har da wani dattijo Bayahude mai riƙo da addininsa, tsohon ɗan kasuwar lu'ulu'u. Aka riƙa sayar da hoton dattijon, kowane ɗaya dala dubu 20 zuwa dubu 30, shi kuwa bai sani ba sai bayan shekaru. A 2005 ya kai ƙara yana cewa addininsa bai yarda da haka ba, kuma ba a nemi izininsa ba. Kotu ta kori ƙarar a 2006, ya ɗaukaka, a 2007 ya sake faɗuwa. A Faransa kuwa, ƙasar shi Cartier-Bresson, doka ta ba mutum iko a kan surarsa, ana kai ƙara a kan buga hoton mutum ba da yardarsa ba, ana kuma ci. A Japan da Koriya ta Kudu wayoyin da ake sayarwa ba a iya kashe musu ƙarar ɗaukar hoto, don kada a ɗauki mutum a ɓoye. Ashe ke nan ko a can ba a taru an zama ɗaya ba, kuma baƙo da yawa abin da yake yi a Kejetia ba zai kuskura ya yi shi a ƙofar gidansu ba.

Ba sai mun je nesa ba, mu Hausawa an taɓa yi da mu. Wani ne ya zuro waya ta tagar mota a Legas ya ɗauki wasu mutane suna tafe da kura a ɗaure da sarƙa. Hoton ya zaga har Afirka ta Kudu. Da yake babu wanda ya tsaya ya tambaye su, sai kowa ya sa musu sunan da ya ga dama, wasu suka ce 'yan fashin banki ne, wasu suka ce dillalan ƙwaya, wasu suka ce masu karɓar bashi da ƙarfi. Duk Bahaushe ya san su wane ne: gardawan kura ne, masu wasa da kura da biri da maciji suna tallar magani, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya biyo sawu ya same su a gefen Abuja, ya nemi yardarsu, ya yi kwana takwas yana yawo da su, ya koma kuma a 2007. Da ya buga hotunan ya rubuta sunan kowane mutum, har da sunan kurarsa, ya kuma bayyana ainihin sana'arsu. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci gasar hotunan jarida ta duniya a 2006. Akwai masu sukar Hugo, suna cewa shi ya kwashe suna da kuɗi su kuwa gardawan suna nan inda suke, kuma wannan suka tana da hujja. Amma a dubi tazarar da ke tsakanin hotunan biyu. Na tagar mota ya mai da su ɓarayi. Na wanda ya yi sallama ya mayar musu da sunayensu, kuma ko ta fuskar kyau ma ba a haɗa su.

Sai maganar Agbogbloshie a Ankara, wadda 'yan albasa ba za su manta ba. Shekara da shekaru masu hoto daga Turai suna tururuwa wurin, shi ma Hugo ya je, har an yi fim a kansa a 2018. Kusan kowa abu ɗaya yake nema, yaro a cikin baƙin hayaƙi yana ƙona wayar lantarki. Aka yi ta yayata cewa nan ne bolar kayan lantarki mafi girma a duniya, maganar da masu bincike suka musanta. Hayaƙin gaskiya ne, kuma yana cutarwa. Amma a wurin akwai masu gyaran kwamfuta da talabijin, da maƙera masu narka ƙarfe su yi tukwane, da 'yan gwangwan, yawancinsu 'yan arewacin ƙasar nan, ga kuma babbar kasuwar albasa da ta doya a gefe. Waɗannan ba kasafai suke shiga hoto ba, saboda ba su da ban tausayi. A farkon Yulin 2021 katafila ta shiga ta baje wurin 'yan gwangwan, aka kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari. Ba mu ce hotuna ne suka tuƙo katafilar ba. Amma wurin da aka shekara goma ana nuna wa duniya cewa jahannama ne, ranar da aka zo rushe shi masu tsaya masa kaɗan ne.

Ga ɗan kasuwar kan iyaka abin ya wuce maganar kunya. Duk wanda ya yi safara tsakanin 2019 da ƙarshen 2020, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ko bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ya san yadda buhun shinkafa ko jarkar mai a bayan mutum ke iya mai da shi ɗan fasa-ƙwauri a idon wanda bai san komai ba. Hoto ba ya nuna takardar kwastan da ke cikin aljihu. A nan Kumasi kuma mun ga yadda aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine a 2019, bisa hujjar dokar zuba jari ta 2013 da ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa. Bahaushen da aka haifi kakansa a Aboabo ko Asawase, idan aka ɗauke shi da hula da doguwar riga aka rubuta "baƙin haure" a ƙasa, wa zai bi mutum dubu ɗaya-ɗaya ya nuna musu katinsa na ɗan ƙasa? Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar, aka haɗa har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Saboda haka idan tsoho a Zango ya kare fuska da hannu don ya ga kyamara, kada a ce ƙauyanci ne.

To amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Baturen da ke yawo da kyamara a Kejetia ba ya wuce a ƙirga da yatsu a wuni. Mu kuwa kowannenmu da tasa a aljihu. Wa ke ɗaukar 'yan matan kayayo suna barci a cikin kwanon dakonsu ya sa a Facebook ana dariya? Wa ke ɗaukar mai taɓin hankali, da almajiri yana cin ragowar abinci, da matar da zanenta ya kwance wajen hawa mota? Idan mota ta kife a hanyar Tamale, kafin a ciro mutum ɗaya waya ashirin ta tashi, uwa a Bawku ta ga gawar ɗanta a zauren WhatsApp kafin a aiko mata da wanda zai zaunar da ita ya faɗa mata. Akwai kuma sabon yayin da ya shigo kasuwa, na baza hoton wanda ake bi bashi da sunan "a yi hattara da shi", tun ba a kai maganar gaban shugaban kasuwa ba. Har masu ba da sadaka sun koyi cewa ba a miƙa wa maraya buhun masara sai an tsayar da shi a gaban waya. Waɗannan duk ba baƙi ke yi ba. Mu da muka karanta a Suratun Nur cewa ba a shiga gidan mutum sai da izini, muka karanta a Hujurat cewa an hana bin diddigin asirin mutane, mu ne muka fi kowa saurin dannawa. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa. Hoto ya fi ta, domin ita magana ana iya musunta ta.

Kada a fahimce mu a karkace. Akwai inda kyamara ke zama shaida, kuma a nan ba a neman izini. Hotunan bidiyon da aka ɗauka da waya ranar da aka kashe hafsan soja Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi a Mayun 2017 sun taimaka wajen gane masu hannu a ciki, har kotu ta ɗaure mutum 12 rai da rai a Janairun 2024. Jami'in da ke karɓar na goro a shingen hanya, ko mai riƙe da amanar jama'a da ke cin ta, ba shi da bakin cewa a yi masa sallama. Sai dai ko a nan a san nauyin fuska. Anas Aremeyaw Anas, wanda ya fi kowa ɗaukar manya a ɓoye a ƙasar nan, tasa fuskar a rufe take da duwatsun ado. Abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale kuwa an nuna tasa a talabijin a 2018, a Janairun 2019 aka harbe shi a Madina. Muna kuma tunatar da matafiya cewa ɗaga waya a ofishin kwastan ko na shige da fice ko shingen soja, a kowace ƙasa ta yankin nan, yana iya jawo ƙwace waya ko kwana a tsare. Mai son kai ƙara ya riƙe rana da wuri da lambar rasit, ya bi ta ƙungiyarsa.

Me doka ta ce? Sashe na 18 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin gidan mutum da dukiyarsa da wasiƙunsa da sadarwarsa, bai ambaci titi ko kasuwa ba. A 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa naɗar maganar mutum ta waya ba da saninsa ba ya saɓa wa wannan sashe. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, da hukumar da aka kafa dominta, akwai kuma dokar tsaron intanet ta 2020 da ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa hoton tsiraicin wani. Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023. Duk wannan ci gaba ne. Amma mai koko a Buokrom ba ta da lauya, kuma wanda ya ɗauke ta yana wata ƙasa. Kafin doka ta iso rumfarta, abin da zai kare ta shi ne ladabin mai riƙe da kyamara da idon maƙwabtanta.

Ladabin kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, kuma duk ƙwararren mai hoto zai gaya maka shi ne ma ke fitar da hoto mai kyau. Ka fara da shugaban layin ko mai unguwa, ka faɗi ko kai wane ne da inda hoton zai je. Ka yi sallama, ka gaisa, ka zauna, kyamara na rataye. Minti goma na farko mutum a ɗaure yake, yana gyara hula yana murmushin dole. Idan ka jima sai ya manta da kai ya koma cinikinsa, a nan ne za ka sami hoton da maharbin saman bene yake nema bai samu ba, kuma ka same shi da yardar mai shi. Mai zaune a tabarma, ka durƙusa daidai idonsa, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙasƙantar da mutum. Ka guji tsakar rana, lokacin da hula ko mayafi ke jefa inuwa ta rufe ido, hasken hantsi da na bayan la'asar ya fi dacewa da baƙar fata, haka ma bakin rumfa inda haske ke shigowa ta gefe. Da ka ɗauka ka juya ka nuna masa. Ya ce goge, ka goge a gabansa. Ka tambayi sunansa da yadda yake so a kira shi, ka aika masa da nasa. Mai salla da mai alwala da mai cin abinci da mai barci da mai ƙirga kuɗi, a bar su. Matar aure sai da yardarta, yaro sai da yardar iyayensa, makoki kuwa ba wurin hoto ba ne.

Wannan ba tatsuniya ba ce, akwai 'yar arewa da ta yi. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara ɗaukar mutanen garinsu a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa. Ta riƙa tsayawa da 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu buki, ta saurari labarinsu, ta buga hoton tare da abin da suka faɗa da bakinsu. Manyan jaridun duniya suka ɗauki aikinta.

Game da kuɗi, ra'ayinmu shi ne kada ɗan kasuwa ya mai da fuskarsa kokon bara, kuma a hana yara bin baƙi suna miƙa hannu. Mai yawon buɗe ido da ya yi sallama, ya sayi goro ko yadi ya wadatar. Amma wanda zai yi talla da hoton, ko ya buga littafi, ko ya nemi tallafi da shi a waje, wannan ciniki ne, a zauna a rubuta a biya, kamar kowane ciniki. Ku ma masu tura hoton kaya ga abokan hulɗa a Lome ko Maraɗi, ku duba abin da ke bayan buhun kafin ku tura. Lambar mota da fuskar direba da ranar tashi, idan suka haɗu a zauren mutum ɗari biyu, ba ku san a hannun wa za su kwana ba.

Muna kira ga fadar Sarkin Zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan albasa da 'yan shanu da su fitar da ƙa'ida a rubuce, da Hausa da Turanci da Faransanci, a liƙa a ƙofofin kasuwa, a kuma naɗa mutum ɗaya a kowane layi da zai zama maigidan duk mai son ɗaukar hoto. Masu rakiyar baƙi, waɗanda yawancinsu 'ya'yanmu ne, su sani cewa su za a tambaya. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, musamman ta hotunan haɗari da na sadaka. Hukumar kare bayanai kuma ta sauko ta yi wa mutane bayani a gidajen rediyo da harshen da suke ji.

Ita dai mai kokon Buokrom, ɗan ƙanen nata ya rubuta wa mai shafin, an cire hoton, amma kafin nan wasu shafuka sun riga sun kwafa. Da aka sake tuntuɓarta aka tambaye ta ko yanzu ta daina yarda a ɗauke ta, sai ta ce ita ba ta taɓa ƙin hoto ba. Mai so ya zo ranar Juma'a bayan ta tashi daga kasuwa ta yi wanka ta sa atamfarta, kuma ya wanko mata nata.